Tabon Mari a Ƙafar Ilu

An yi wani mutum a wani gari, tun zamanin da ba a san bulo da siminti ba, ginin ƙasa kowa yake yi. Sunansa Ilu. Ku matso, ku saurara da kyau, don na san a cikinku akwai wanda labarin nan nasa ne, ko da ba zai ɗaga kai ba.

Ilu ya taɓa sata. Kada wani ya ce mini sharri aka yi masa, a'a, ya yi. A garinsu wani mai hatsi ya ɗauke shi tsaron rumbu, ya yarda da shi, shi kuwa ya riƙa zare dammunan gero yana sayarwa a ɓoye. Ranar kasuwa dogarai suka cafke shi a tsakiyar jama'a, suka ɗaure shi da igiya, suka ja shi gaban alkali, kowa na kallo. Alkali ya tura shi kurkuku. Can aka sa masa mari, wato ƙarfen nan da ake ɗaura wa fursuna a ƙafa. Marin ya ci naman idon sawunsa har ya bar masa farin zobe a kowace ƙafa, irin tabon da duk wanda ya gani ba ya bukatar tambaya.

A cikin kurkukun nan Ilu ya tuba, tuba ta gaskiya. To amma kun san halinmu. Allah yana karɓar tuba, mu ne ba ma karɓa. Da ya fito ya shiga neman aiki, inda ya faɗi gaskiya sai a ce masa, "Allah ya ba da sa'a," a nuna masa ƙofa. Inda ya yi shiru kuma, kafin a jima wani ya hango ƙafarsa wajen alwala, a kore shi da zagi. Da abin ya ishe su, shi da matarsa Hansai, wadda ta yi zaman jiransa duk tsawon ɗaurin, suka ɗaure 'yan komatsansu suka nausa wani gari mai nisa inda ba wanda ya san su.

A can ya sami wani babban magini, dattijo mai zafin rai, ana ce masa Shekarau. Ya durƙusa ya gaishe shi.

Shekarau ya ce, "Me ka iya?"

Ya ce, "Ina da ƙarfi, Baba."

"To, shiga kwaɓa."

Shi ke nan, bai tambaye shi komai ba. Ku samari ba ku san kwaɓa ba. Ƙasa ake tarawa, a zuba ruwa da ciyawa, mutum ya naɗe wando ya shiga yana takawa har ta yi danƙo. Ilu na shiga, taɓo ya rufe masa ƙafa har ƙwauri, tabon ya ɓace. Ya ce a ransa, Allah na gode maka. Daga ran nan shi ne farkon shiga, shi ne ƙarshen fita. In an kira salla, sai ya ɗauki butarsa ya zagaya bayan katanga ya yi alwala shi kaɗai, ya saki wandonsa har ƙasa, sannan ya fito.

Abokan aiki suka sa shi gaba da tsiya. "Ilu, wannan kunya haka, ko amarya ce kai?" Ya yi dariya tare da su, amma gabansa na faɗuwa. Wallahi mutumin nan bai san kwanciyar hankali ba. Ya hango jar rigar dogari daga nesa, ya sauya hanya. Ya ji baƙo ya yi sallama da harshen mutanen garinsu, ya sunkuyar da kai ya ƙara nutsa ƙafa cikin taɓo. Amma dai ana ci ana sha, Hansai ta sami ciki, rufin asiri ya fara zuwa.

Ana nan, damina ta matso. Wata rana da la'asar Shekarau ya kira shi gefe, ya ce, "Ilu, na daɗe ina kallon ka. Ba ka da surutu, ba ka da ha'inci. Gobe za mu yi yaɓe a cikin gidan Madugu, shugaban fataken garin nan, har ɗakunan matansa. Da kai za a shiga. Ka bar kwaɓa, zan koya maka gini."

Ilu ya ce, "Na gode, Baba."

Shekarau ya ce, "Ka dai san al'adar. Ba a buɗe wa magini cikin gida sai ya tsaya a zaure ya rantse wa maigidan da Allah cewa duk wanda ya kawo ya san shi ciki da waje, babu mai ɗauke-ɗauke, babu wanda aka taɓa kamawa. Ni kuwa tun da nake ban taɓa jin kunya ba."

Ya dafa kafaɗarsa ya wuce. Ilu ya tsaya kamar an dasa shi.

Ya isa gida ya tarar da Hansai tana tankaɗe a tsakar gida. Tana ganin fuskarsa ta ajiye rariya. Ya kwashe duka ya faɗa mata, ya ce, "Gobe da safe zan gaya masa."

Ta ce, "Ka gaya masa me, Malam? Ya tambaye ka ne?"

"Bai tambaya ba."

"To, fa! Laifi ka yi, an ɗaure ka, ka gama. Allah ya rufa maka asiri, kai kuma za ka je ka tona da bakinka? Garin nan ne kaɗai muka zauna ba a nuna mu da yatsa ba. Dubi cikin nan. In ya kore ka, ina za mu? A kan hanya zan haihu?"

Jama'a, kada ku yi saurin zagin Hansai. Tana da gaskiyarta. Ba a ce wanda Allah ya suturta ya hau kan jigawa yana shelar zunubinsa ba. Ilu ma ya san haka, shi ya sa ya daɗe yana shiru, kuma shirun bai zame masa laifi ba. Amma ku saurari abin da ya ce mata.

Ya ce, "Hansai, da ni kaɗai ne, sai in mutu da abina. Amma gobe dattijon nan zai ɗaga murya ya kira sunan Allah a kaina, ina tsaye a bayansa, na san ƙarya zai rantse a kai, shi bai sani ba. Na taɓa cin amanar wanda ya ba ni rumbu. Wannan kuma rantsuwarsa ya ba ni."

Ta rufe fuska da gefen zane ta yi kuka. Tuwon ranar ba wanda ya ci.

Da gari ya waye, ya tarar da Shekarau a bakin ramin kwaɓa, ma'aikata ba su gama taruwa ba. Ya matsa kusa da shi. Ya ce, "Baba, ina da magana." Ya so ya yi bayani, harshe ya ƙi. Sai kawai ya sunkuya ya ɗage wandonsa.

Shekarau ya dubi zoben nan biyu, ya dubi Ilu. Ya ce, "Mari?"

"Mari ne, Baba. Hatsin ubangidana na sata. Na yi zaman kurkuku, na tuba. Ban so ka rantse ba ka sani ba."

Kuna tsammanin rungume shi ya yi? Ina! Idonsa ya kaɗa ya yi ja. Ya ce, "Subhanallahi! Duk zaman nan da ɓarawo nake cin tuwo? Har na ce zan kai ka ɗakin matan mutane? Tashi ka ba ni wuri! Kada in sake ganin ka a wurin aikina."

Ilu ya saki wandonsa, ya juya. Da ya shiga gida, Hansai ba ta tambaye shi ba, kuma ba ta ce ai na faɗa maka ba. Tashi kawai ta yi da ƙyar, ta fara naɗe tabarma tana haɗa ƙore. Wannan shirun ya fi masa zagin Shekarau ciwo. Ya zauna a bakin ƙofa yana tambayar kansa ko wauta ya tafka.

Rana ta ɗaga, sai aka rafka sallama a waje da kakkausar murya. Ilu ya zabura, ya ce shi ke nan, dogarai aka turo. Ya leƙa, sai ga Shekarau da kansa, fuska a murtuke. Ya ce, "Taso." Ya yi gaba, Ilu na biye, suka ratsa gari har zauren Madugu. Ga ma'aikata a tsugune, ga Madugu a kan buzu. Ilu ya saddaƙar cewa tozarta shi aka kawo shi a yi.

Shekarau ya ce, "Madugu, ɗazu ka ce in rantse, na buɗe baki na kasa, na ce ka jira ni. Ga dalili. Na waiwaya na dubi mutanen nan ɗaya bayan ɗaya, na ga ashe ƙarfinsu na sani, ban san abin da kowa ya baro a baya ba. Ban ce sun yi komai ba, amma ban sani ba. Shekara da shekaru ina rantsuwa a kan abin da ban sani ba. Mutum ɗaya ne na sani ciki da waje, shi ne na kora da safe. Ga shi. Ya taɓa sata, an ɗaure shi. Ba wanda ya tambaye shi, shi ya zo ya nuna mini, ya kuwa san abincinsa ne zai tafi."

Madugu ya ce, "Wato ɓarawo ka kawo mini gida, Shekarau?"

"Wanda ya taɓa sata na kawo maka. Shi zan iya tsaya wa."

Madugu ya daɗe yana kallon Ilu, sannan ya ce, "Kai, me ya kai ka faɗa?"

Ilu ya ce, "Ranka ya daɗe, tsoro na ji a kira sunan Allah a kaina a kan ƙarya."

Madugu ya shafa gemu. Ya ce, "Ko allura ta ɓata a gidan nan, wuyanka zan kama, Shekarau."

"Na yarda."

"To, ya shiga. Sauran ma su shiga, Allah na ganin kowa."

Kada ku zaci daga nan komai ya zama zuma. Da aka kira azahar, Ilu na gani wani abokin aikinsa ya janye nasa takalman daga kusa da Ilu ya tura ƙarƙashin cinyarsa. Abin ya soke shi a zuciya. Ya ɗauki buta, ƙafarsa ta nufi bayan katanga kamar kullum, sai ya tsaya. Wa kuma zai ɓoye wa? Ya dawo ya tsuguna a tsakiyarsu, kusa da Shekarau, ya naɗe wando har gwiwa, ya zuba ruwa a kan farin zoben nan, rana na haska shi. Ya wanke dama, ya wanke hagu, a hankali, ba ya waige. Rabonsa da alwala ba tare da faɗuwar gaba ba tun kafin a kama shi.

To, 'yan'uwa, ga abin da nake so ku tafi da shi gida. Kai da ka taɓa faɗawa hannun hukuma, ka tuba, ban ce ka bi kasuwa kana ba da labarin kanka ba. Amma ranar da mutum zai ɗora amanarsa ko sunansa a kanka, kuma ka san da ya sani da sai ya sake tunani, to ka gaya masa, ko muryarka na rawa. Zai yiwu ya kore ka, ban yi maka alkawarin ba zai kore ka ba. Arzikinka dai ba a hannunsa yake ba.

Ku kuma masu shaguna da gareji da gonaki, da ku nake, kada ku kalli gefe. Yaro ya zo ya ce maka, "Alhaji, an taɓa kama ni," ka ce ya fita. Gobe wani ya zo ya yi maka shiru, ka miƙa masa makulli. Me ka koya wa na bayansu? Ka koya musu su ƙara nutsa ƙafa cikin taɓo. Wanda ya ɗage maka wandonsa da hannunsa, ya ba ka abin da sauran ba su ba ka ba, kada ka saka masa da kora.

Allah ya rufa mana asiri duniya da lahira, ya ba mu ƙarfin faɗin gaskiya ranar da take da tsada, ya kuma ba mu zuciyar karɓar ta in an kawo mana. Ku ce amin.