Ranar da Sarki Ƙasimu Ya Waiwaya

A zamanin da, a wata ƙasa ta bayan teku inda ake gini da dutse, an yi wani sarki ana ce masa Ƙasimu. Gidan da ya gada yana tsakiyar birni, katangarsa mai kauri, gwalalo ya kewaye shi, tagoginsa 'yan tsirit yadda kibiya kaɗai ke wucewa. Yana yaro hakimai suka yi tawaye, aka fitar da shi daga gidan nan ta ƙofar baya, naɗe cikin tabarma. Ya girma bai manta ba, bai kuma yafe ba.

Da mulki ya zauna a hannunsa, sai ya tara magina da masana ya ce, "Ku gina mini gida marar ganuwa, ƙofofinsa a buɗe, amma hakimin da ya shiga kada ya iya fita."

Magina suka ce wannan gini ya fi ƙarfinsu. Sai Waziri Ɗayyabu, mai zaƙin baki da baƙar zuciya, ya faɗi ya yi gaisuwa ya ce, "Allah ya ba ka nasara, sarƙa ba sai ta ƙarfe ba. A sa ɗakin barcinka a tsakiyar gida, duk hanyoyi su miƙe su ƙare a tagarka. A ba kowane hakimi ɗaki, girman mutum ya zama kusancin ɗakinsa da naka. Su da kansu za su tsare junansu."

Haka kuwa aka yi. Aka bar birni, aka cike wata fadama, aka tayar da fada mai fukafukai biyu, da zaure guda wanda bangonsa duk madubi ne. Hakimai suka baro ƙasashensu suka tare. Abin takaici, dattawa masu furfura, waɗanda a da ake rusuna musu, suka koma suna gaba da juna a kan wa zai miƙa wa sarki takalmi da safe.

Sarki bai ƙoshi ba. Ya ce a yi masa lambu iya ganin ido, da tafkunan dutse a jere, ruwa na tsartuwa sama daga bakin zakunan tagulla. To fadamar an riga an kashe ta, ba ruwa a wurin. Waziri bai tsaya shawara da kowa ba, ya sa aka datse kogin da ke shayar da ƙasar Galadima Zubairu, aka jawo shi ta bututu zuwa lambu. Ya ce wa sarki rarar ruwa ce, wadda mutanen can ke kuka tana yi musu ambaliya.

Kogi guda kuma bai ishi tafkunan ba. Amma akwai al'ada a fadar: in sarki ya fito zagayen lambu da hantsi, hanya ɗaya yake bi, kowa na bayansa, kuma ba ya waiwaye, don waiwaye na mai tsoro ne. Sai Waziri ya ɓoye mutane a cikin shuke-shuke. In sarki ya doso tafki a yi fito, a buɗe ruwa. Yana wucewa a sake fito, a toshe, a tura ruwan gaba. Fada duka ta san wannan. Munafukai, kullum suna tafe suna ganin zakuna sun bushe, bakinsu na cewa, "Madalla da sarkin da ruwa ke yi wa biyayya."

Shi kuwa Galadima Zubairu, a wani ɗan ɗaki can ƙarƙashin rufi, manzanni ke ta zuwar masa daga gida. Gonaki sun ƙone. Rijiyoyi sun koma taɓo. Mata na tace laka da gefen zane su ba yara, yaran na mutuwa da ciwon ciki. Ya nemi ganin sarki, Waziri ya ce sai gobe. Ya nemi izinin tafiya gida, aka ce wanda ya bar fada ya ci amana. A dokar gidan kuma ba a yi wa sarki magana sai shi ya fara.

Galadima ya tare Waziri a zauren madubai ya ce, "Ɗayyabu, ka ji tsoron Allah. Ka saki kogin nan."

Waziri ya gyara rawani yana duban kansa a bango, ya ce, "Galadima, tsufa ne ke damunka. Talaka ai ba ya ƙarewa, amma ran sarki guda ne, in ya ɓaci duk mun shiga uku."

Tura ta kai bango. Washegari aka fito zagaye. Da aka wuce tafki mafi girma, aka yi fito aka toshe, sai Galadima ya fita daga sahu, ya zauna a bakin tafkin, ya ɗaga murya. Bai ce Zaki ba, bai ce ranka ya daɗe ba. Ya ce, "Ƙasimu!"

Kiran sunan sarki gatsal hukuncinsa kisa ne, shi ma ya sani. Fushi ya mantar da sarki al'ada, ya juyo. Sai ga lambu duka a bayansa shiru. Zakuna sun wage baki ba ɗigo ko ɗaya, gansakuka ta rufe gindin tafkuna, ga mutane a tsugunne rungume da bututu.

Sarki ya ce, "Ina ruwan?"

Galadima ya ce, "Yana gabanka, inda idonka zai sauka. Iyakarsa ke nan. Kogin garinmu ne ake yawo da shi a gabanka kamar akuyar talla, mutanena kuwa suna shan laka. Ka yanka ni, amma ka riga ka gani."

Sarki ya dubi fadawa ɗaya bayan ɗaya, kowa ya sunkuyar da kai. Sai sarki ya ce, "Ashe ni kaɗai ne baƙo a gidana." Waziri ya buɗe baki zai yi bayani, sarki ya daka masa tsawa. Ya sa aka tuɓe masa rawani nan take, ya yanke cewa Waziri da hannunsa zai fara fasa madatsar, sa'an nan ya ƙare ransa yana yashe rijiyoyin ƙasar da ya busar. Aka toshe tafkuna, aka kuma sallami hakimai su riƙa zuwa duba talakawansu.

Sarki ya juya ga Galadima ya ce, "Doka ta ce a kashe ka. Na mayar da ita kora. Kada ka ƙara taka fadar nan." Fadawa suka yi ta tausaya masa, don a wautarsu kora daga fada ta fi mutuwa.

Galadima ya isa gida tare da ruwa. Ya tarar da unguwanni a rufe, maƙabarta ta cinye gonaki biyu, yawancin kaburburan gajeru. Ba wanda ya buga masa ganga. Wata tsohuwa tana zaune a gaɓa tana kallon kogi na cika, ta ɗago ta dube shi ta ce, "Sannu da zuwa, Galadima. Ruwa ya zo. Masu shan ne suka tafi."

Nan na tsinke zaren hikayar. Allah ya kiyashe mu da adalcin da ke zuwa bayan jana'iza.