Karsanar da Aka Rasa Mai Karɓa

Akwai wani mutum mai injin niƙa a wani gari, sunansa Barnaba. Wata shekara Allah ya buɗa masa, damina ta yi albarka, mata suna layi da kwanukan dawa tun safe har yamma. Sai ya ce a ransa, “Bari in gode wa Allah, in gode wa mutanen nan.” Ya tafi kara, kasuwar shanu, ya sayo jar karsana mai ƙiba, ya ɗaure ta a gindin ɗorawar da ke gaban injin. Ya yi shela cewa duk wanda ya kawo niƙa za a jefa sunansa cikin ƙwarya, ranar kasuwa a zaro ɗaya. Wanda sunansa ya fito, karsana ta zama tasa, ba ko sisin kwabo.

Ranar kasuwa gari ya taru. Aka ɗaure wa wata tsohuwa ido da ɗankwali, ta zaro takarda, sai ga sunan Gayus mai gyaran keke. Barnaba ya tafi da kansa ya yi masa albishir. Gayus ko kai bai ɗaga daga tayar da yake wa faci ba, ya ce, “Banza ba ta kai zomo kasuwa. An taɓa kirana a waya wai na ci mota, ƙarshenta ni aka damfara.”

Barnaba ya ce, “Haba Gayus, ga ta can, kana jin kukanta daga nan.”

“Kukan ina ji. Abin da ke bayansa ne ban sani ba.”

Aka sake zarowa, sai Filibus manomi. Shi kam ya zo, ya kewaya karsana, ya duba haƙora, ya shafa tozo, sa'an nan ya ja da baya. Ya ce, “Kafin in gama ɗaure igiya dangin matata sun iso, wannan da zancen aure, wancan da zancen asibiti. Ga ɓarayi. Ni da nake barcina lafiya?” Ya kaɗe riga ya yi tafiyarsa.

To, karsana dai ba ta san ana gardama a kanta ba, harawar Barnaba take ci, dusarsa take sha. Wannan ma mai sauƙi ne. Bakin mutane shi ne ciwon. Waɗansu suka ce ya haɗa baki da masu cin ne don su ƙi, dama talla yake yi. Waɗansu suka ce akwai asiri a jikin dabbar, wanda ya karɓa ya ba da arzikinsa ke nan. Mata suka fara ɗaukar niƙansu suna kaiwa ƙetaren rafi. Mutumin da bai taɓa rage wa kowa ko ludayin gari ba ya koma yana rantsuwa a bakin kasuwa kamar wanda aka kama da akuyar sata. Abin ya ƙona masa rai ƙwarai.

Karo na uku sunan Dinatu ya fito, wata mata da mijinta ya rasu ya bar ta da yara, tana ƙwadago a gonakin mutane. Barnaba ya yi ajiyar zuciya, ya ce yau kam sunansa zai wanku. Ya kwance karsana ya ja ta har ƙofar gidan matar, jama'a suna biye.

A garin nan kuwa kowa ya san ƙa'idar biki: in aka kawo miki kwano ɗaya ranar sunan ɗanki, ranar nata ki kai biyu. Duk talaucin Dinatu ba ta taɓa bari bikin wata ya kwana a kanta ba, da wannan kaɗai take taƙama. Ta dubi karsana, ta daɗe tana dubanta, sai ta shiga ciki ta fito da kaza ɗaure da ƙafafu.

Ta ce, “Mai inji, fara riƙe wannan. Sauran in kaka ta yi zan riƙa kawowa kaɗan-kaɗan.”

“Dinatu, ba biki ba ne, ba kuwa ciniki ba. Sunanki ne ya fito.”

“To da me zan rama?”

“Ba a ramawa.”

“Abin da ba a ramawa ba ya shiga gidana,” in ji ta.

Mutane suka ce, “Karɓi kazar mana kowa ya huta.” Saura kaɗan ya miƙa hannu, don da ya karɓa zancen ya mutu. Amma ya dubi yaranta da suka leƙo ta bayan dangar kara, ya ga cewa daga yau duk ƙwan da aka saka a gidan nan, duk mudun da aka girbe, gidansa za a kai, har matar ta tsufa ba ta gama ba. Ya ce, “In na karɓi kazar nan, ba kyauta na ba ki ba, igiya na sa miki a wuya.”

Ta mai da kazarta ciki, ta ja ƙyaure.

Barnaba ya juyo da karsana ta tsakiyar jama'a, yana jin ana cewa, “Ba mun faɗa ba?” Aka ce ya zaro na huɗu. Ya kife ƙwaryar, ya ce, “Tana da mai ita.” Ya ci gaba da ba ta abinci, ana ci gaba da zaginsa. Karsana ta zama saniya, ta haihu, nono har yana zuba. Dinatu takan wuce ta wurin da yaranta a kan hanyar gona, ta kau da kai, su kuwa suna waiwaye.

Ga ma'anar wannan misali, 'yan'uwa. Mai injin yana nuna mana halin Allah, karsanar kuma ceton da ya shirya ta wurin Almasihu. Masu ƙi ba a nesa suke ba, muna nan zaune a kan benci. Wani an taɓa cutarsa, don haka ya sa Allah a layin mayaudara. Wani yana tsoron abin da dangi za su ce. Amma wanda ya fi ba ni takaici shi ne mai halin Dinatu, mutumin kirki, mai ƙwazo, wanda ya fi kowa bukata, sai ya zo da ɗan azuminsa da ɗan baikon da yake bayarwa a coci yana so ya biya kafin ya karɓa. Me kake da shi da za ka rama wa wanda ya ba da Ɗansa? Saboda ƙin da muke yi, waɗanda ke waje suna cewa Allah ba ya cika alkawari, shi kuwa yana jure zagin, bai cire sunan kowa ba. Kyautar taka ce tun ranar da aka kira ka. Yaranka ne suke kwana da yunwa domin kai ka ƙi buɗe hannu ka ce na gode.