Manomin da ke tone shukarsa

Akwai wani mutum, manomi ne, wanda irin gero kaɗan ya rage masa, bayansa babu wani. Da damina ta yi kusa, sai ya yi binne, wato ya shuka irin a busasshiyar ƙasa, yana jiran ruwa.

Bai kai gida ba, sai wani tunani ya faɗo masa: “Idan gara ta cinye irin fa? 'Ya'yanka za su kwana da yunwa, laifinka ne kuwa.” Ya juya, ya tone rami, ya ga iri lafiya lau, ya rufe. Zuciyarsa ta yi sanyi, ya ce, “Da ban duba ba, da ya lalace.” Amma sanyin bai daɗe ba. Ya koma ya tone. Har ruwa ya sauka yana tonewa, yana tsinke ɗan saiwar da ta fara fita. Wayyo, bawan Allah!

Maƙwabta suka yi ta ce masa babu gara a gonar. Ya ce ya sani, amma hannunsa bai daina ba.

Sai yayarsa ta zo ta same shi durƙushe. Ta ce, “Ƙanena, ban zo gardama ba. Bar mini layin nan guda, kada ka taɓa shi.”

Ya ce, “Yaya, tsoro zai kashe ni.”

Ta ce, “Zauna mu ga kisan.”

Suka zauna gindin kuka. Ya yi ta kallon layin, yana son ya tashi ya tone, amma bai tashi ba. Can sai tsoron ya fara sauka da kansa, ba tare da ya tone komai ba. Kullum haka suka yi, kullum tsoron yana raguwa.

Wata safiya ya iso gona ya tsaya cak. Wuraren da ya yi ta tonewa fayau suke, amma layin da ya bari ya fito kore shar, raɓa tana sheƙi a kansa. Ya cire hularsa, ya ce, “Ashe ba hannuna ke riƙe da shi ba!” Geron layin nan ne ya zama irinsa na baɗi.

Ma'anar wannan misali ita ce: tunanin nan shi ne ciwon waswasi, mai ce wa mutum masifa tana tafe kuma shi kaɗai zai hana ta. Tonewar ita ce wanke hannu ba iyaka, ko duba ƙofa, ko maimaita addu'a don tsoro. Kowace maimaitawa tana ƙara wa tunanin ƙarfi, shi ya sa lallashi kawai ba ya isa. Likitocin wannan ciwo aikin yayar nan suke yi, suna zama da mutum har ya ga tsoro ya sauka shi kaɗai. Ciwo ne, ba rashin bangaskiya ba, ku nemi taimako ba kunya. Ikon Allah, 'yan'uwa! Ƙwayar da ba ka gani a ƙarƙashin ƙasa, akwai mai lura da ita, ba kai ba ne kuwa.