Sababbin Tsirkiyoyin Auta

Akwai wani makaɗin jita da 'yan gidansu ke kira Yaya Babba. Allah ya ba shi kunne, ko tsirkiya ɗaya ce ta kauce zai jiyo ta daga bakin ƙofa. Sai dai yana da wani mugun ciwo: ba ya iya jin ana yabon wani a gabansa, ko da uwarsu ɗaya ubansu ɗaya.

Su uku suke kiɗa a wani ɗaki mai rufin kwano a bayan shagon walda. Akwai shi, akwai ƙanwarsa mai waƙa da suke tsokana da suna Aku, sai Autansu. Shi ya koya wa Auta riƙe jita, amma yanzu in sun yi wasa, Auta ake tafa wa. Yaya Babba sai ya yi murmushin yaƙe, zuciyarsa kuwa tana tafasa.

Rannan wani mai gabatar da shiri a gidan rediyo ya aiko cewa zai zo ya saurare su, yana neman makaɗan da za su riƙa buɗe masa shiri. Ɗan aiken ya ƙara da cewa, "Ya ce musamman ƙaramin nan yake son ji."

Ƙaramin nan! Ranar Yaya Babba ko abinci bai iya haɗiya ba. Shi da ya sha wahalar yaron nan, shi za a mayar ɗan rakiya?

To, ya san halin tsirkiya sarai. Sabuwa ba ta zama wuri ɗaya. Sai ta yi kwanaki tana miƙewa, ana ɗaurewa tana saki, muryarta tana sauka, kafin ta zauna. In ga zafi kuwa, abin ya fi muni. Da safiyar ranar da mutumin rediyon zai zo, Auta na shiga wanka, Yaya Babba ya kwance masa tsofaffin tsirkiyoyinsa ya ɗaura sababbi fil.

Auta ya fito ya gani. "Yaya, sababbi a ranar wasa? Ai saki za su yi."

"Kai, ni za ka koya wa? Na ja su, sun zauna. Ko kyautar ce ba ka so?"

Auta ya sunkuyar da kai ya yi godiya.

Mutumin rediyo ya iso da tsakar rana, kwano ya ɗauki zafi, fanka kuma ta mutu. Suka fara. Tun kafin waƙar farko ta yi nisa, muryar jitar Auta ta soma sauka. Yaya Babba ya ji, daɗi ya kama shi. Abin da bai lissafa ba shi ne Aku. A gefen Auta take tsayawa, kuma jitarsa take bi. Da jitar ta sauka, sai muryarta ta bi ta. Da aka ɗan tsagaita, Auta ya murɗa makullan jitar cikin sauri, ya daidaita tsirkiyoyin da muryar yayarsa. Suka haɗu cif.

Yaya Babba yana iya sassauta tasa ya bi su. Ina! Shi ne zai bi Auta? Ya ƙara ƙarfin kaɗawa don baƙon ya ji inda daidai yake.

Baƙon ya ɗaga hannu. "Malam, dakata. Kai ne kake ɓata kiɗan."

"Ni? Wallahi tawa ce daidai!"

"Daidai da wa? Su biyun bakinsu ɗaya. Su nake so, kai ka yi haƙuri."

Auta ya yi wuf ya ce, "Ranka ya daɗe, ba laifinsa ba ne. Tawa ce ta sauka, sababbin tsirkiyoyi ne. Shi ya koya mini komai, don Allah a ɗauke mu tare."

Mutumin ya girgiza kai. "Wane mahaukaci ne ya sa maka sababbi yau?"

Aku ta dubi tsofaffin tsirkiyoyin da ke naɗe a ƙarƙashin kujerar Yaya Babba, ta dubi fuskarsa.

"Yaya," ta ce a hankali, "da gangan ka yi?"

Bai iya ɗaga ido ba. Auta ya ɗauki jitarsa yana share hawaye, ya bi baƙon waje. Daga ranar yana gaishe da wansa da ladabi kamar kullum, amma bai sake barin jitarsa a ɗakin nan ba.

Mai karatu, hassada ba ta rage baiwar wanda ake yi wa, mai yin ta take ci. Yaya Babba bai rasa kunne ba, bai rasa hannu ba, amma ya rasa aikin, ya kuma rasa amincewar ƙannensa. In Allah ya ɗaga na ƙasa da kai, ka taya shi murna, musamman in kai ka koya masa.