Motar Filimon a Gindin Mangwaro

Akwai wani mutum, tela ne, sunansa Filimon. Mutum ne mai tsanaki ƙwarai. In zare ɗaya ya karkace a wuyan riga, sai ya farke ɗinkin duka ya sake. Iyayensa sun rasu tun yana ƙarami, yayarsa Kyauta ce ta goya shi, ta ciyar da shi har ya yi ƙarfi ya tafi birni. Ita kuwa ta zauna a ƙauyensu, can bayan duwatsu, a ƙetaren rafi, har tsufa ya same ta.

Da Filimon ya manyanta, Allah ya buɗa masa, ya sayi wata tsohuwar mota mai giyar hannu. Ba a daɗe ba motar ta mutu masa a tsakiyar kasuwa. Masu babur suka yi ta yi masa ihu, 'yan tireda suna dariya, shi kuwa yana tsaye gumi na zuba, bai san ko ina zai taɓa ba. Wannan kunya ta zauna masa a rai.

Sai wani da yake kawo masa ɗinki ya nuna masa wata 'yar na'ura, ba ta fi akwatin ashana ba. Akwai wata kafa a ƙarƙashin sitiyari inda ake soka ta. Ba ta da igiya ko ɗaya, amma tana sauraron injin, ta aika wa wayar hannu abin da ta ji, wayar kuma ta rubuta shi a fuskarta. Filimon ya sayi irinta, aka sa masa manhajarta a waya. Da ya soka, wayar ta ce fulogi ɗaya ba ya ba da wuta. Ya kai wa bakanike, aka canza, motar ta koma tafiya sumul. Na'urar ta faɗi gaskiya, Filimon kuwa ya yi murna ƙwarai, ya ce a ransa, “Daga yau babu abin da zai sake zo mini ba shiri.”

A ƙofar gidansa akwai wani babban mangwaro. A gindinsa ya ajiye motar. Kowace la'asar, in ya rufe shago, sai ya shiga ya zauna, ya murɗa makulli rabi, yadda fitilun gaban direba za su kama ba tare da injin ya tashi ba, gama yana tattalin mai. Sai ya ɗora wayar a cinya yana kallo. Kullum kuwa ba ya rasa wani ɗan abu. Yau wani layi ya yi rawaya, gobe wata lamba ta ɗan sauka. Babu wanda ya kai ja, amma Filimon ba ya son rawaya.

In ya gaji da kallon wayar, sai ya jingina kansa, ya lumshe ido. Iska tana kaɗa ganyen mangwaro, inuwa tana yawo a kan gilashi, sai ya ga kamar motar ta tashi da kanta. Ga shi ya bar birni, ga gonaki kore shar hagu da dama. Ga giginyoyi a jere, dogaye, kawunansu a cikin gajimare. Ga duwatsun garinsu sun yi shuɗi daga nesa, suna matsowa a hankali. Ga rafi, balbelu sun sauka a bakinsa fari fat, tayoyin motar suna ratsa ruwan ba ko ƙara. Yana gab da shan kwanar gidan Yaya Kyauta, sai kaza ta yi kuka, ko wani ya yi sallama, ya buɗe ido ya ga har yanzu yana gindin mangwaro.

Da ruwan farko ya sauka, Kyauta ta ari wayar maƙwabta ta kira shi.

Ta ce, “Ƙanena, sai yaushe?”

Ya ce, “Yaya, ina nan tafe. Akwai ɗan abin da nake dubawa a motar.”

Ta ce, “To, Allah ya kawo ka lafiya.”

Matarsa Damaris tana tsaye tana ji. Da ya ajiye wayar ta ce, “Baban Keziya, in motar ba ta shirya ba, mu hau ta kasuwa mana.”

Ya ce, “Yaya ta ji labarin na sayi mota. Yaya zan je mata a bayan akori-kura? Ki bari komai ya koma kore tukuna.”

Masara ta yi tsayi, ta fitar da goyo, aka gasa aka ci. Damina ta wuce. Dawa ta nuna, aka girbe. Filimon ya daina fita da motar ko zuwa shago, don kada wani abu ya taɓu kafin ranar tafiya. Busassun ganye suka taru a kan rufinta, gizo-gizo ya yi saƙa a madubin gefe. Shi kuwa kowace la'asar yana ciki, yana duba waya, yana tafiya ƙauye ido a rufe.

Wata rana da hantsi, maƙwabciyar Kyauta ta kira. Ta ce, “Malam Filimon, yayarka ta daina cin abinci. Sunanka kawai take kira.”

Filimon ya yar da almakashi, ya sheƙo gida. Damaris ta ɗaure 'yan kaya a ɗankwali ta shiga gaba. Ya murɗa makulli. Motar ta yi ƙas, ƙas, ta yi shiru. Ya sake murɗawa. Fitilun suka kama dishi-dishi, kamar aci-balbal da mansa ya ƙare. Ya ɗauko waya don ya tambayi na'urar, amma wayar ba ta sami na'urar ba. Batir ya yi sanyi. Gama 'yar na'urar nan, ko mota tana kashe, tana tsotsar wuta kaɗan-kaɗan, murɗa makullin da yake yi kowace la'asar ma yana cin wuta, injin kuwa ba ya tafiya balle ya mayar wa batir abin da aka sha.

Filimon ya kifa kansa a kan sitiyari ya yi kuka. Ya ce, “Ba abin da ya lalace, Maman Keziya. Na duba jiya. Ba abin da ya lalace.”

Damaris ta buɗe ƙofar motar. Ta fita, ta nufi majami'a da ke ƙarshen layinsu, inda zumuntar mata suke koyon waƙa. Ba a jima ba sai ga su sun biyo ta, wasu da caki a hannu, wasu da goyo. Suka ajiye abin da suke riƙe da shi, suka gyara ɗamara, suka dafa bayan motar.

Shugabarsu, Mama Tani, ta leƙo ta taga ta ce, “Malam, share hawayenka. Sa giya ta biyu, in mun yi gudu ka saki kuloci.”

Suka tura, suna rera waƙar da suke koyo. Motar ta fita daga inuwa, ganye suna zubowa daga rufinta. Ta yi tari, ta yi tsalle, ta sake tari, sai injin ya kama. Matan suka yi guɗa, suna ɗaga hannu, “Ku gai da Yaya! Ubangiji ya tafi tare da ku!”

Sun bar birni ke nan, sai wata fitila rawaya ta kama a gaban direba. Filimon ya rage gudu, ya miƙa hannu wajen waya. Damaris ta riga shi, ta ɗauke ta ta sa a jaka.

Ta ce, “Ja ce?”

Ya ce, “Rawaya ce.”

Ta ce, “Injin yana zafi? Burki yana ci?”

Ya ce, “Ba ya zafi. Yana ci.”

Ta ce, “To, tuƙa. In mun isa ka duba.”

Ya tuƙa. Hanyar ba ta yi kama da ta mafarkinsa ba. Gonaki sun zama kara, ramuka sun yi yawa, motar tana kuka a kowane hawa. Amma ta kai su.

Sun tarar da Kyauta a kwance a kan tabarma, ta rame, idanunta sun dushe. Filimon ya durƙusa a gefenta ya ce, “Yaya, ni ne. Ki gafarta mini, na daɗe.”

Ta lalubo fuskarsa da tafin hannu, ta shafa gemunsa, ta daɗe tana shafawa. Sa'an nan ta ce, “Ka tsufa, ƙanena. Ka ci abinci kuwa?” Ta juya wajen maƙwabciyarta ta ce, “A dama masa kunu. Ni ma a zubo mini kaɗan.”

Ta sha daga hannunsa. Ya zauna tare da ita 'yan kwanaki, yana yi mata fifita, tana ba shi labarin mutanen da ya manta. Sa'an nan Ubangiji ya kira ta gida.

Ma'anar wannan misali, ƙaunatattu, ga ta. Motar nan ranka ne, wanda Allah ya ba ka don ka yi tafiya da shi zuwa wurin mutane. 'Yar na'urar kuwa binciken zuciya ce. Abu ne mai kyau. Ta nuna wa Filimon fulogin da ya mutu, haka ma in ka zauna a gaban Allah ka binciki kanka, zai nuna maka zunubin da ya kamata ka tuba ka bari. Kada kowa ya fita daga nan ya ce an hana shi duba zuciyarsa.

Amma akwai waɗansunmu da suka mai da dubawar ta zama ita ce aikin duka. Ɗaya ya ce, “Sai na daina saurin fushi tukuna zan je in nemi sulhu da ɗan'uwana.” Wata ta ce, “Sai na iya addu'a sosai tukuna zan je gai da marar lafiya.” Wani ya shekara yana so a yi masa baftisma, yana jiran ranar da ba zai ga aibu ko ɗaya a jikinsa ba. Suna da niyya mai kyau, suna ganin kansu a hanya kowace rana, amma ƙafarsu ba ta motsa ba. Duban kai marar iyaka yana shan ƙarfin mutum a ɓoye. Bangaskiya kuwa kamar batir take, a cikin tafiya take cika.

Mai Cetonmu bai ce mu zama cikakku kafin mu bi shi ba. Ya san raunin kowannenmu, shi ne kuma mai gyara mu a kan hanya. In abin ja ne, tsaya ka tuba yau. In rawaya ne, tashi ka tafi da shi haka nan, gama wanda yake jiranka ba zai dawwama yana jira ba. Filimon ya sami 'yan kwanaki, da alherin Allah, alhali damina guda aka ba shi.

In kuwa ka daɗe a zaune har ka murɗa makulli ka ji shiru, ɗan'uwa, 'yar'uwa, kada ka kulle kanka a ciki kana kuka kai kaɗai. Ka aiko a faɗa mana. Don haka Ubangiji ya tara mu wuri ɗaya. Muna da yawa a nan, za mu tura.