Farin Garin Da Ke Ƙullin Gwaggo

Akwai wani malamin kimiyyar sinadarai da ɗalibansa ke kira Malam Ɗigo-Ɗigo. Sunan ya samo asali ne daga maganar da ba ta barin bakinsa a ɗakin gwaji: "Ɗigo-ɗigo ake zubawa, ba tuttulawa ba. Kuma kada wanda ya rubuta min sunan gishiri sai ya tabbatar."

Gishiri a wurinsu ba na miya kaɗai ba ne. Garin sinadari ne iri-iri, wani magani, wani guba, kuma da yawansu farare ne fat, ido ba ya raba su. Aikinsa ke nan, a miƙo gari babu suna, ya bi shi gwaji bayan gwaji har ya faɗi ko mene ne. Ya iya aikin, ba na hana shi. Matsalar ita ce ya san ya iya.

A gidansa akwai Gwaggo, yayar mahaifinsa. Ita ta goye shi bayan rasuwar mahaifiyarsa, ita ta riƙa tsaya masa a ƙofar makaranta da laima. Ba ta taɓa haihuwa ba. "Babana" take ce masa, kuma in ya yi magana, a wurinta an gama.

Sai 'yar autarsa ta kwanta. Ciwon ciki, amai, yarinya ta zube kamar tsumma. A asibiti likita ya tambaya ko ta ci wani abin da ba a saba ba. Sai da suka fito matar Malam ta riƙe masa hannun riga.

"Na sha ganin Gwaggo tana barbaɗa wani farin abu a duron ruwan sha. Ban so in faɗa ba."

Malam ya koma gida, ya samu wani ƙullin leda a bayan duron. Ya ɗaga shi a gaban tsohuwa.

"Gwaggo, mene ne wannan?"

"Alimun ne, Babana. Ruwan famfon nan ja yake zuwa. Na daka shi ne don ya fi saurin kwantar da laka, sannan in tafasa."

"Ɗakin gwaji zai faɗa."

Ku ji fa. Matar da ta wanke masa kashi, ita ce sai kwalba ta yi mata shaida.

Ya je ya huda ƙullin, ya narka kaɗan daga garin a ruwa. Ya ɗiga ruwan soda mai ƙuna, farin gajimare ya taso a kwalbar, ya ƙara, gajimaren ya narke. Ya ɗauki wata kwalbar ya ɗiga amoniya, gajimare ya taso ya ƙi narkewa. Duk ɗalibinsa ya san abu biyu ke yin haka: dalma, wadda guba ce, da alminiyam, wanda ke cikin alimun. Abin da ke raba su ruwan ayodayid ne. In dalma ce, kwalba ta koma ruwan ɗorawa kamar gwaiduwar ƙwai. In ba ita ba, babu abin da zai canza.

Kwalbar ayodayid tana cikin kabad, taku kaɗan daga inda yake tsaye. Bai je ba. Ya tuna dalma na sa ciwon ciki, ya tuna idon 'yarsa, zuciya ta ƙarasa masa gwajin. Ya jefa ragowar garin a durowa ya kulle.

"Dalma ce," ya ce da ya dawo gida. "Na gwada."

Gwaggo ba ta yi rantsuwa ba, ba ta yi kuka ba. Ta dube shi kawai.

"Ka gwada, Babana?"

"Na ce na gwada. Ki haɗa kayanki."

Ta ɗaure 'yan tsummokaranta, ta tsaya a bakin ƙofa ta ce a bar ta ta leƙa yarinyar a asibiti. Ya ce a'a. Ƙaninta, wanda Malam ke kira Baffa, shi ya zo ya tafi da ita.

Daga baya asibiti suka ce taifot ne, yarinya ta sha magani ta miƙe. Kuna tsammani ya sauko? Ina. Cewa ya yi likitoci ba su duba da kyau ba. Ruwan duro ya koma ja tun tafiyar tsohuwa, yana gani yana kawar da kai. Baffa ya yi ta kira, ya ƙi ɗagawa, ƙarshe ya toshe lambar. Girman kai rawanin tsiya.

Aka shiga zangon jarrabawa. Wata safiya ya raba wa ɗalibai gishiri babu suna, yana zagayawa hannu a baya. Ya tsaya kan wata ɗaliba da ta riga ta rubuta amsa.

"Dalma? Wa ya gaya miki, aljani?"

Aji ya yi dariya.

"Malam, na sa soda, na sa amoniya."

"Sai me? Alminiyam ba haka yake yi ba? Ina ayodayid? Ke da wannan rabin gwajin za ki iya sa a ɗaure mutum."

Maganar ta fita daga bakinsa ta dawo ta dake shi a ƙirji. Ya tsaya cak. Ɗaliba ta ce, "Malam, lafiya?"

Da aka tashi ya buɗe durowa. Ƙullin na nan da ɗaurin Gwaggo, irin wanda take yi sau biyu don kada iska ta shiga. Ya narka garin. Ya ɗiga ayodayid. Ɗigo. Ɗigo. Ruwa na nan garau. Wallahi har addu'a ya yi kwalbar ta canza launi, don ya fi son tsohuwa ta zama mai laifi a kan ya zama shi ne. Ya tuttula sauran duka. Garau.

Ya bi sauran gwajin har ƙarshe, wannan karon bai tsallake ko ɗaya ba. Alimun ne.

Ko farar rigar aiki bai cire ba ya kama hanya. Ya tarar da Baffa zaune a ƙofar gida, tabarmi a naɗe a jingine da bango.

"Baffa, ina Gwaggo? Alimun ne. Na zo in gaya mata alimun ne."

Baffa ya ɗago kai ya ce:

"Mun kai ta makwancinta makon jiya. Na kira ka har yatsana ya gaji."

Malam ya zauna a ƙasa gabansa.

"Ta tafi tana fushi da ni ko?"

"Da fushi ta yi, da ya fi sauƙi. Yarda ta yi da kai, ɗan nan. Na ce mata alimun ne, kowa ya san alimun. Ta ce a'a, Babana ba ya faɗin abu sai ya tabbatar, ƙila mai shago ne ya ba ta wani abin, ita da hannunta ta zuba wa jikarta. Tun da ta zo gidan nan ba ta ƙara miƙa wa yaro ko kofin ruwa ba. Jikokina in sun zo jikinta sai ta ɓoye hannuwa a zane. Abinci ma sai da faɗa. Ranar ƙarshe ta ce in roƙa mata gafararka."

Har yau Malam yana koyarwa. Amma ɗalibai sun ce in aka zo gwajin ayodayid, miƙa wa wani kwalbar yake yi, ya fita waje.

Darasi: Rabin bincike ya fi jahilci haɗari, domin jahili ana musa masa, mai ilimi kuwa yarda ake yi da shi. In mutane sun ɗauki maganarka hujja, to ka ji tsoron Allah ka ƙarasa gwajin kafin ka buɗe baki, musamman a kan wanda ya raine ka. Ku tura wannan ga 'yan'uwa, ƙila akwai mai tsohuwa a raye da ya yanke wa hukunci cikin fushi, ya je yau tun tana ji.