Gizo Ya Kori Shamuwa

"To, ku matso kusa. Ga ta nan, ga ta nanku."

"Ta zo mu ji ta, Kaka."

Gizo dai kun san halinsa: wurin tuwo shi ne gaba, wurin noma kuwa sai ciwon baya. Rani ne lokacinsa. Ya miƙe a gindin kuka, babu mai ce masa ɗauki fartanya. A gida kuwa rumbu ya ƙare, saura tukunya guda ta irin gero, wadda matarsa Ƙoƙi ta liƙe bakinta da laka tana jiran ruwan shuka.

Ran nan da bazara yana kwance, sai ga Shamuwa ta sauka kan kukar da tsinke a baki. Ya ce a ransa, "Duk shekara wannan mai dogayen ƙafafu tana sauka, sai ruwa ya biyo ta. Ashe ita ke jawo mana wahala. In na kore ta, babu damina, babu noma."

Ya gyara murya ya ce, "Sannu da hanya, baiwar Allah. Sai dai kukar nan Shaho ya riga ki."

Shamuwa ta ce, "Ba komai." Ta koma kan tsamiya.

Kashegari ya ɗauko tsohuwar ƙwarya, ya zauna gindin tsamiya yana kiɗa tun hantsi har la'asar. Hannunsa ya kumbura. Shamuwa ta leƙo ta ce, "Madalla da makaɗi. Gobe ma ka zo, aikin sheƙa ya fi sauri da kiɗa."

Rana ta uku ya zo da fuskar tausayi. "Kina nan kina fama, ga fara can ta cika garin gaba, har ba a iya taka ƙasa."

Jin labarin fara, Shamuwa ta buɗe fiffike ta tafi.

Gizo ya koma gida yana rawa. Ya tarar Ƙoƙi ta tafi rijiya. Ya dubi tukunya ya ce, "Tunda na soke daminar bana, iri kuma na mene ne?" Ya fasa lakar, ya daka gumba, ya cinye tas, ya mayar da murfi.

Kwana uku, hadari ya haɗo daga gabas baƙi ƙirin. Ruwa ya sauka kamar da bakin ƙwarya. Gari na wayewa kowa ya nufi gona. Ƙoƙi ta saɓa sungumi ta ce, "Maigida, ɗauko iri."

Ya ce, "Wane iri?"

Ta buɗe tukunya, ta dube shi, ya dubi ƙasa. Ba ta yi faɗa ba. Zama ta yi a bakin ƙofa ta ce, "To, me za mu ci baɗi?" Wannan tambaya ta fi duka yi masa ciwo.

Ya fita yana huci, sai ga Shamuwa ta dawo kan kuka. Ya ce, "Ba na kore ki ba? Wa ya ce ki aiko da ruwa?"

Ta ce, "Ni na isa in kawo ruwa? Alamarsa nake gani, in gyara sheƙata. Kai ma ka ga alamar, sai ka tsaya faɗa da ni."

Gizo ya zauna cikin taɓo. Ya tuna bara, ya tuna bara waccan. Kowace damina da dabarar da ya yi mata, kuma ko sau ɗaya ba ta fasa zuwa ba. Kunya ta kama shi, abin da bai taɓa ji ba tunda aka haife shi.

Ya tashi ya yi wa Kurege shuka yini guda, ya samu tafin gero. Ya yi wa Bushiya, ya yi wa Kunkuru. Bayan nan nasa mai ciwo, ashe lafiyarsa ƙalau. Ya yi tasa shukar a makare, da kaka ya ɗaure dami uku kacal. Ya zaɓi mafi kyawun zangarniya ya sussuke, ya cika tukunya, ya liƙe da hannunsa, ya miƙa wa Ƙoƙi.

Ya ce, "Ki ɓoye inda ban sani ba. Na gyaru, amma ban gama gyaruwa ba."

To kun ji, jikokina. Lokaci ba ya tsayawa don wani bai shirya ba. In kun ga ya juya, ku dubi halinku ku gyara, kada ku kama faɗa da wanda ya kawo muku labari.

Ƙungurus kan kusu, tawa ta ƙare a nan.